Jinin da aka ƙi karɓa: ina adalci yake?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan'uwa, duk wanda ya taɓa raka mai naƙuda daga Alakos zuwa asibitin Gure, ko ya kai yaron da zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini Damagaram a tsakiyar damina, ya san darajar leda guda ta jini. To idan mutum ya miƙa hannu zai bayar, aka ce ba a karɓar nasa, an zalunce shi?

Tambayar ta daɗe. A 1983, da cutar sida ta ɓulla kuma babu gwajinta, Amurka da Faransa suka fara hana maza masu neman maza ba da jini. Dalilinsu tsoro ne mai tushe, domin a ƙasashen cutar ta fi yawa a cikinsu a lokacin. Ko bayan samun gwaji a 1985, akwai kwanakin farko da ƙwayar ke cikin jini ba a ganinta. Kare ran majinyaci ya fi ɓacin ran mai bayarwa nauyi.

Amma hukuncin da aka gina kan dalili yana sauyawa idan dalilin ya sauya. Gwaji ya inganta. Ingila a 2021, Faransa a 2022 da Amurka a 2023 suka koma yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya game da abin da ya aikata kwanan nan, ba tare da duban sunan da ake kiransa da shi ba. Ƙwayar cuta ba ta san laƙabi ba: mai aure da ke sauya abokan kwana a ɓoye zai iya fin wanda ake nunawa da yatsa haɗari.

Hukuncin shari'a kan aikin babi ne daban, ba likita aka ɗora wa shi ba. Amanarsa ita ce jini mai lafiya, wanda aka tace daga sida, ciwon hanta da tunjere. Amanar mai bayarwa kuma faɗin gaskiya, ko da za a mayar da shi gida. Inda ake tonon asiri, mutane ƙarya suke yi, majinyaci ne ke kwana a ciki.

Mu da aka tarbiyyantar a kan rufin asiri da kyautata zato, mu tambayi kanmu: yaushe rabonmu da ba da namu?

Allah ya sa mu dace, amin.