Mai Ƙin Abu, Zai Iya Yi Masa Adalci?

A ƙasar Beljiyam akwai gwanayen ɗanɗana giya. Idan aka ajiye wa ɗayansu kofin giyar sha'ir mai launin zuma, ba ya gaggawar kurɓa. Sai ya ɗaga kofin ya dubi launi da kumfa, ya sunsuna, sannan ya kai baki, ya ce ɗaci ya yi daidai, ko kuwa ƙamshi irin na kanumfari da masoro ya yi yawa. A 2016 har hukumar UNESCO ta sanya al'adar giyarsu cikin al'adun gado na duniya.

Mu giya haramun ce gare mu, babu ja a nan. Amma wannan natsuwa ba baƙuwarmu ba ce. A karkarar Bichi da Tsanyawa, inda gona ke gogar gona, tsohuwa takan kurɓi fura sau ɗaya ta gaya maka geron bana ne ko na bara, nonon kindirmo ne ko tsala, kuma wa ya cika masoro. Ko da furar kishiyarta ce, ba ta cewa ba daɗi alhali da daɗi. Iyaka dai ta yi shiru.

To, ga inda gizo ke saƙar. Dawar da muke tuƙa tuwo da ita, ita Bamagujiya ke jiƙawa ta tsira, ta dafa burkutu. Idan muka ce matar nan ba ta iya aikinta ba don kawai ba ma shan abin, mun yi ƙarya, ita kuwa ƙarya ba ta fi giya tsarki ba. Gwaninta daban, halacci daban, kowanne da mudun awonsa.

Mu marubuta mun sha faɗawa wannan rami. Lokacin da aka yi ta ce-ce-ku-ce kan littattafan soyayya na Kano a shekarun 1990, wasunmu sun ce Hausarsu ba ta nuna ba, alhali tarbiyyarsu ce ba ta yi mana ba, wani ma ko bango bai buɗe ba. Da mun ce zubin labarin nan ya tsaru amma saƙonsa guba ne, da matasan marubutan sun tsaya sun saurara. Da suka ga mun ƙi yaba abin da kowa ya san ya yi kyau, sai suka toshe kunne har ga gaskiyar da ke bakinmu, masu karatu kuma suka ci gaba da saye a kasuwa.