Addinin Hindu a Idon Mutanen Zongo

A Zongon Parakou ko na Djougou, ba wuya a ga matasa sun zagaye waya ɗaya suna kallon fim ɗin Indiya da aka fassara da Hausa. Sun ga ango da amarya suna zagaya wuta, sun ga uwa ta ɗauko faranti da 'yar fitila tana juyawa gaban gunki mai kan giwa. Amma da za a tambaye su abin da mutanen nan suka yi imani da shi, da yawa za su tsaya a kan bautar gumaka da girmama saniya. Maganar ta fi haka zurfi.

Addinin Hindu ba mutum ɗaya ne ya kafa shi ba, kuma ba littafi ɗaya ya tattara shi ba. Mabiyansa sun haura biliyan ɗaya, kuma ƙidayar Indiya ta 2011 ta nuna su ne kusan kashi 80 cikin 100 na jama'ar ƙasar, Musulmi kuwa kashi 14. Tsofaffin littattafansu su ne Veda guda huɗu, sai Upanishad, sai Bhagavad Gita mai baiti 700.

Yawancin malamansu suna koyar da cewa akwai haƙiƙa ɗaya madawwamiya, Brahman, wadda komai ya samo asali daga gare ta. Vishnu da Shiva da Ganesha, mai kan giwar nan, fuskoki ne da bawa ke kusantarta da su. Rai ba ya mutuwa, sai dai ya sake jiki, kuma aikin da mutum ya yi, wato karma, shi ke yanke irin haihuwar da zai samu a gaba. Babban buri shi ne moksha, kuɓuta daga wannan kai-komo, ta hanyar ilimi, ko aiki ba don lada ba, ko tsananin ƙaunar abin bauta. Tun wajajen 1030 masanin Musulunci Al-Biruni, wanda ya koyi harshen Sanskrit, ya rubuta cewa masu ilimi a cikinsu sun yarda Ubangiji ɗaya ne.

Wanda ya yarda hanyoyin tsira suna da yawa a cikin gidansa, ba zai yi wuya ya yarda da na maƙwabci ba. Wannan ne saƙon da malamin Hindu Swami Vivekananda ya kai taron addinai na Chicago a Amurka ranar 11 ga Satumba, 1893. Tarihi ya ba shi hujja: mabiya Zoroaster da suka baro Farisa sun sami mafaka a Gujarat, Yahudawa da Kirista da fataken Larabawa Musulmi sun zauna ɗaruruwan shekaru a gaɓar Kerala ƙarƙashin sarakunan Hindu. A Accra ma, a 1975, an kafa gidan ibadar Hindu wanda ɗan Ghana, Swami Ghanananda, ya jagoranta.

Sai dai abin da ke littafi daban, abin da ke ƙasa daban. Ɗan Hindu ne mai zafin ra'ayi ya harbe Mahatma Gandhi ranar 30 ga Janairu, 1948, yana zarginsa da sassauta wa Musulmi. Ranar 6 ga Disamba, 1992, gungun masu irin wannan ra'ayi suka rushe masallacin Babri a Ayodhya. Tsarin rarraba mutane ta hanyar haihuwa kuma har yau yana ƙuntata wa 'yan Dalit, waɗanda aka ajiye a ƙasan kowa, duk da cewa doka ta haramta ƙyamarsu.

Mutumin Zongo ba baƙo ba ne a batun zama da masu wani addini. Kakanninsa fatake ne da ke bin hanyar goro daga Kano da Sakkwato zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, suna yada zango a Nikki da Parakou da Djougou. Sarakunan da suka ba su masauki suna riƙe da addinin gargajiya, amma suka bar su suka gina masallatai, suka buɗe makarantun allo. Ba su haɗa aƙida ba, amana da ciniki suka haɗa su.

Musulmi ba zai yarda cewa kowace hanya daidai ce ba, domin tauhidi bai karɓi gunki ko sake haihuwa ba. Amma addininsa ya hana tilasta imani, ya kuma wajabta adalci ga wanda ba Musulmi ba. Ya kamata malaman Zongo su bayyana wa matasan nan masu kallon fim aƙidar Hindu kamar yadda masu ita suka faɗe ta, sannan su nuna inda aka rabu da hujja, ba tare da zagi ba.