Alhakin Mai Sayar Da Magani

Ran kasuwa a Sabon Birni ko Isa ba a rasa mai magani da lasifika, ya jera kwalabe bisa tabarma. Ga na ƙarin jini, ga na ƙarfin maza, ga na ƙiba wanda ake kira sha-ka-fashe. Waɗansu daga Kano aka saro su, waɗansu kuwa sun ƙetaro iyaka ta wajen Maraɗi da rubutun Faransanci a jikinsu. To, in mutum ya saya ya sha ya cutu, alhakinsa yana wuyan wa?

Mai sayarwa yakan kawo hanzari biyu. Na farko, hukuma ba ta hana ba. Na biyu, ba shi ya haɗa ba, sari ya yi.

Hanzarin farko ba shi da ƙarfi. Gaskiya ne an kafa hukumar NAFDAC a 1993 don ta lura da abinci da magunguna, amma ma'aikatanta ba su isa su zaga kowace kasuwar ƙauye ba. Lambar da takan fara ba maganin gargajiya kuma shaida ce cewa an gwada ba a ga guba ba, ba shaidar yana warkarwa ba ce. Ko Amurka, da dukan arzikinta, dokarta ta 1994 ta bari a sayar da magungunan ƙarin kuzari ba tare da an nemi amincewar hukuma tukuna ba. Sai da mutane suka mutu sannan aka hana na ganyen ephedra a 2004. Ashe shirun hukuma ba ya mai da guba magani.

Hanzari na biyu ya fi na farko muni. A da, mai maganin gari shi ke shiga daji ya haƙo saiwa, ya san sunanta da awonta, kowa kuma ya san gidansa. In an sami ɓarna a gaban hakimi zai amsa. Yau kuwa kwalba ba ta da gida. An sha samun ƙwayar asibiti a ɓoye cikin abin da aka ce ganye ne zalla. Sau da yawa maganin ƙiba dexamethasone ne, wanda ke kumbura fuska, ya jawo hawan jini da ciwon sukari. Yarinya ta ga kumatu ta yi murna, ba ta san cuta ce ba.

Malaman fiƙihu sun hana cinikin kifi a cikin ruwa, don ba a san abin da aka saya ba. In an hana wannan saboda kada a cuci aljihun mutum, ina ga abin da zai shiga cikinsa? Wanda ya rantse cewa maganinsa na warkar da cuta goma, alhali bai san abin da ke ciki ba, ya yi shaidar zur, ko da ba wanda ya mutu.

Mai saye ma yana da nasa rabo. Wanda ya koyi karatu ya sami ido. Wajibi ne ya duba sunan wanda ya yi maganin, da lambar hukuma, da ranar lalacewa, ya kuma karanta wa maƙwabcinsa da bai iya ba. In ba su, ya bar kwalbar ya nufi asibiti.

Amma babban kaya yana kan mai tabarma. Ma'aikacin hukuma yana iya shekara bai zo ba. Amanar da mara lafiya ya ba shi kuwa tana nan kowace ran kasuwa.