Nasihar Juma'a: Uwar Kuɗi Amana Ce, Kada Mu Cinye Ta

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Mai azurtawa, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Ya 'yan'uwa Musulmi, mafi yawanmu neman halal ne ya baro da mu daga gida ya kawo mu Legas. Wani tumatir da albasa yake saukewa a Mile 12, wani shanu yake kaiwa Oko-Oba, wani canji yake yi. Amma sau nawa muka ga mutum ya shekara goma yana juya miliyoyi, ranar da mota ɗaya ta lalace a hanya kaya suka ruɓe, shi ke nan ya karye? Yawanci ba cinikin ba ne babu, lissafin ne babu.

Abu na farko, a raba uwar kuɗi da aljihu. Jari daban, riba daban, kuɗin cefane daban. Waya za ta zo daga gida, biki ne, suna ne, ƙane zai yi aure. Zumunci ibada ne, amma daga riba ake yin sa. Wanda ya yanka saniyar tatsa don baƙi, gobe ba nono, ba saniya. Ka yanka wa kanka albashi a wata, ka ware wani abu na ranar tsanani. Annabi Yusuf (AS) ya tanadi hatsin shekara bakwai na wadata saboda bakwai na fari. Mu ma mun ga yadda kasuwa ta tsaya cak lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023.

Na biyu, rubutu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka: a rubuta, a sa wa'adi, a kafa shaidu. To mu kuma sai mu ce “haba, ai ɗan garinmu ne.” Jama'a, rigingimun da ake kawowa gaban Sarkin Hausawa da limamai, da yawansu daga nan suke farawa. Mutum ya rasu, magada a Arewa ba su san wa yake bi ba, ba su san wa ke bin sa ba. Littafin lissafi ɗaya ya isa ya kashe wannan wutar.

Na uku, inda za a zuba kuɗi. Shari'a ta halatta ƙiradi: kai da kuɗi, ɗan'uwanka da aiki, ku raba riba bisa kason da kuka yarda, rabi ko sulusi. In an yi asara ba da sakaci ba, mai kuɗi ya rasa kuɗinsa, mai aiki ya rasa wahalarsa. Amma a ce “kawo dubu ɗari, duk wata ka karɓi dubu talatin, ko an ci ko an faɗi,” wannan kuɗin ruwa ne da aka sauya wa riga, ko kuma damfara. MMM ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, mutane suka yi ta kuka, amma har yau ana faɗa wa irinta. Ka tambaya: me ake saya, me ake sayarwa, wa ya ba su rajista? Hanyoyin da ba ruwa suna nan: bankin Jaiz yana aiki tun 2012, ga TAJ da Lotus, ga sukuk na Gwamnatin Tarayya da aka fara a 2017 don gina hanyoyi. Su ma ka nemi bayani wurin malamai da masana kafin ka sa hannu.

Na ƙarshe, zakka. In shekara ta zagayo, ka ƙiyasta hajarka da kuɗin hannu da bashin da kake sa ran karɓa. In sun kai nisabi, kimar giram 85 na zinare, ka fitar da ɗaya bisa arba'in. Wanda ba ya lissafi, ta yaya zai san haƙƙin Allah a dukiyarsa?

Allah Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya tsare mu daga haram da nauyin bashi, Ya mayar da mu ga iyalanmu lafiya. Amin.