Ruwan Lagireto da Mas'alar Sababi

Ruwan lagireto kan ragu alhali ƙarƙashin mota a bushe yake. A Coal Camp ta Enugu, matattarar kayan gyaran mota, bakanike kan fara duba tiyo, murfi da famfon ruwa. Idan babu yoyo, sai ya zargi gasket: farin hayaƙi daga salansa, ko baƙin mai ya koma kalar madara, alama ce ruwan na shiga injin.

Binciken ya dogara ga yarda cewa komai na da sababi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, na ganin Allah ne ke haɗa sababi da sakamako bisa al'ada. Ibn Rushd kuwa na ganin musun sababi rusa ilimi ne. A aikace, mafi yawan malamai na ganin cewa neman sababi bai saɓa wa tawakkali ba.