Iri: Dukiya ko Amana?

Duk mai renon itatuwa a leda ya san cewa kowane iri da halinsa. Irin kuka da na gawo ɓawonsu ƙarfe ne; sai an jiƙa su a ruwan zafi ko an ɗan kankare bayansu kafin su yarda su tsiro. A daji, cikin akuya da saniya ne ke yi wa gawo wannan aiki. Irin darbejiya kuwa ba ya jira: in ka tsince shi ka ɓoye, bayan 'yan makonni ka sami gawarsa a hannunka, da kyan gani amma babu rai. Tambayar da nake son mu tauna ita ce: wanda ke riƙe da iri, mallakarsa ne ya yi yadda ya ga dama, ko ajiya aka ba shi?

A Jibiya wannan tambaya tana da nauyi. Katsina da Maraɗi jini ɗaya ne. Sarakunan Katsina da jihadi ya kora su suka kafa Maraɗi. Gero da wake da zogale sun daɗe suna ketare Magama zuwa Ɗan Isa, a ɗaure a bakin zane ko cikin ƙunshin gara. Sai aka rufe iyaka a 2019, aka sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. A irin wannan ƙunci, kowa sai ya damƙe nasa. Kuma wanda ya damƙe yana da hujja: ya tsinto, ya shanya, ya zuba toka don ƙwari, ya hana 'ya'yansa ci a watan da rumbu ya yi ƙasa. Wa zai ce masa ba nasa ba ne? Ga kuma wata hujjar: iri kan ɗauko cuta, kuma ƙwayar wuta-wuta kan laɓe cikin na gero, ta zauna a ƙasa fiye da shekara goma tana jiran dawa ko gero. Don haka binciken da ake yi wa tsirrai a kan iyaka yana da ma'ana.

Amma akwai abin da hujjar mallaka ba ta iya ɗauka. Zinariya in ka binne ta, jikanka zai tono ta yadda take. Iri kuwa kullum ƙarfinsa raguwa yake. Hanya ɗaya ce ta raya shi: a shuka, a girbe, a sake ajiyewa. Mu masu rubuta manhaja muna da ƙa'ida makamanciya: bayanan da ka adana a wuri ɗaya, ba ka taɓa gwada dawo da su ba, ka ɗauka ba ka da su. Rumbun iri na duniya da aka buɗe a Svalbard ta ƙasar Norwe a 2008 ya tabbatar da haka. Da yaƙi ya raba cibiyar ICARDA da rumbunta na Halab, a 2015 ta karɓo kwafin da ta kai ajiya can, ta shuka a Labanan da Maroko, sannan ta mayar da sabo. Abin da ta ba wasu riƙo shi ya cece ta.

Kakanninmu sun gano wannan ba tare da firji ba. Tsohuwar da ke ba maƙwabciya tafin irin kuɓewa tana yin alheri, tana kuma yin ajiya. Ranar da gara ta cinye nata, ko ɓarayin daji suka tashi ƙauyensu, ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Manomin da aka raba da gonarsa shekara uku ya yi asarar amfani, har da irin da gidansu ya yi shekaru yana zaɓa daga zangarniya mafi kyau. In ya taɓa ba ɗan'uwansa na Madarunfa, irin yana nan da rai.

Akwai kuma abin da ke rage wa mai iri girman kai. A 1983, a yankin Maraɗi, bayan dashen da ake renowa a leda ya yi ta mutuwa, Tony Rinaudo ya lura cewa kututturan da manoma ke sassabewa suna da saiwa mai rai a ƙasa. Aka koma barin tohonsu ana yi masa aski, gonaki suka sake cika da itatuwa. Ƙasa ta riƙe mana abin da mu ba mu ajiye ba.

Saboda haka ra'ayina shi ne: wahalar da ka sha taka ce, kana da haƙƙin sayar da dashenka da kuɗi, har ka ci riba. Amma asalin irin gado ne da ka tarar, wasu suka zaɓa suka miƙo. Mai amana yana da aiki uku: ya tsabtace shi don kada ya ba mutane cuta, ya shuka shi don kada ya mutu, ya raba shi don kada ya ƙare da ƙarewarsa. Wanda ya bar iri ya mutu a tulu saboda rowa, ya ci amanar waɗanda suka ba shi da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Kafin ruwan farko na bana, ka duba abin da ke tulunka, ka tambayi kanka: in wannan ya lalace, a gonar wa zan same shi?