Asirin Mai Ciwon Ido

Akwai wata tambaya da na daɗe ina juyawa a zuciyata, watau in idon mutum ya fara mutuwa, wa ya kamata ya sani? Shi kaɗai da likita, ko kuwa har da ɗansa mai biyan kuɗin magani, da maƙwabcinsa, da wanda ya ke yi wa aiki? Ni akawu ne, tsaron takardun mutane shi ne abincina, na kuwa sha ganin yadda kalma guda ta kan fita daga cikin fayil ta rushe gida. Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau labarin wani baffana ne, maɗinki.

Yana ta fara rufe masa ido yana da shekara kamar sittin. Ya ɓoye, har kusan shekara biyu yaron shagonsa ke zura masa zare a allura, ko matansa ba su sani ba. Kada ka yi saurin ganin wautarsa. In gari ya ji maɗinki ba ya gani, wa zai kai masa ɗinkin Salla? Asibiti kuwa ya ƙi zuwa, don can sai ya zauna bisa benci cikin idon sani, a kira sunansa da ƙarfi. Ana nan sai wani mai aikin ido na gargajiya ya sauka garin. Ya zo gida bayan lisha, ya yi aikinsa cikin ɗaki, ba wanda ya ji. Kwana uku baffa na ganin haske yana murna. Kafin wata ya zagayo ido ya kumbura ya mutu, mai magani kuwa ya yi gaba.

Ga yadda abin ya ke. A bayan baƙin ido akwai wani ɗan abu garai-garai kamar ƙwayar tabarau, shi ke tattara haske mutum ya gani sosai. In ya dushe ya yi fari, shi mu ke kira yana. Mai aikin gargajiya ya kan soka tsinke ya ture ƙwayar ta faɗa can ƙuryar ido. Haske ya shiga, amma ba abin da zai tattara shi, ga ƙwayar kuma tana ciki tana iya jawo kumburi. A binciken makanta da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007, an tarar yana ce kan gaba wajen makantar da manya. An kuma tarar cikin idanun da aka taɓa yi wa aikin yana, fiye da 4 cikin 10 da tsinke aka ture su, fiye da 7 cikin 10 na waɗannan kuwa a makance aka same su.

Aikin likita dabam ne. Ya kan fid da ƙwayar da ta lalace, ya sa ta roba a gurbinta, galibi ba a ko sa mutum barci. Wani likitan Ingila, Harold Ridley, wanda ya taɓa aiki a ƙasar Gana zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, shi ya fara sa irin wannan ƙwaya a Landan cikin 1949. Akwai kuma aikin da a ke yi da hasken leza don mai tabarau ya huta da su, amma wannan yana da tsada, kuma ba maganin yana ba ne.

Ban ce tsoron tonon asiri kaɗai ke kai mutane ga tsinke ba, talauci da nisan asibiti na da babban rabo. Amma ga baffana, lalle rufin asiri ya saya da idonsa. Mai tsinke ya fi asibiti sanin halinmu ta wannan fuska, ya san dattijo ya gwammace ciwo da kunya.

Da ɗaya idon ya tashi, ni na ja shi muka je wurin da a ke aikin ido kyauta. Malamin asibiti ya dube ni, baffa na zaune, ya ɗaga murya cikin mutane ya ce, "Tsohon nan naku yana da ciwon sukari?" Baffa ya ce, "Ɗana, ai idona ne ya mutu, kunnena lafiya lau." Na ji kunya ƙwarai, gama ni ma na buɗe baki zan amsa. Haka mu ke yi wa makaho, da zarar mun riƙe masa sanda sai mu ɗauka mun riƙe hankalinsa. Ɗa ya biya kuɗi, Allah ya yi masa albarka, amma kuɗin bai mai da idon nasa ba. Aiki ya yi kyau, baffa ya ga jikokinsa. Sai dai ran da aka kwance masa bandeji wani ya ɗauke shi hoto ba da izninsa ba, kafin mu isa gida hoton ya riga mu cikin wayoyin mutane. Kyauta ce aka yi masa, gaskiya ne, amma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ku da kuka fita ajin yaƙi da jahilci, ya kamata ku san hukuma ta yi magana kan wannan. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce labarin ciwon mutum amana ne, ba a fid da shi sai da yardarsa a rubuce, ko da umurnin kotu ko na doka, ko in ɓoyewar za ta cuci jama'a ƙwarai. Ta kuma ce a gaya wa majinyaci hanyoyin magani da ke akwai, da amfanin kowace da haɗarinta da kuɗinta, cikin harshen da ya ke ji, yana kuma da ikon ya ƙi. Saboda haka in an miƙo maka takarda kafin aiki, karanta ta tukuna ka sa hannu. In da Turanci ta ke, ka ce a fassara maka.

Saura wuri guda mai wuya. A ce mai ciwon direban mota ne, yana ɗaukar mutum goma sha takwas zuwa Zariya kullum, ya roƙi likita ya yi shiru don kada 'ya'yansa su kwana da yunwa. Maɗinki in ya ɓoye, riga ce za ta karkace. Direba kuwa rayuka ya ɗauko. A ganina likita ya fara da shi, su biyu, ya gaya masa gaskiya, ya nuna masa in yana ce wataƙila 'yan makonni kaɗan zai yi ya koma bakin aikinsa. In ya ƙi, ya ce sai ya tuƙa, to, likita ya sanar da shi ba zai yi shiru ba, sa'an nan ya gaya wa mai ikon hana shi tuƙi, shi kaɗai. Sauran mutanen tasha ba ruwansu.